Halatta noman wiwi don magani: ina ribar, ina haɗarin?

Malam Usman, Gombe:
Assalamu alaikum. Tun a 2019 marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi kira da a ba da izinin noman wiwi domin haɗa magunguna da sayarwa ƙasashen waje, kuma har yau maganar ba ta mutu ba. Ni malamin makaranta ne, na kuma ga yadda hayaƙin nan ya raba wasu ɗalibaina da karatu har suka faɗa ƙungiyar 'yan daba ta Kalare. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni abin da ƙasashen da suka halatta suka samu da abin da suka rasa.

Alhaji Bala, Bauchi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Halattawar iri biyu ce. Uruguay a 2013 da Kanada a 2018 sun yarda balagagge ya saya ya sha, amma Lesoto a 2017 da Maroko a 2021 sun tsaya kan magani da masana'antu kawai. Ta fuskar kasuwanci, wanda shi ne fannina, abin ba kamar noman gyaɗa ba ne, domin sai an biya kuɗin lasisi mai tsada, an killace gona, an kai amfanin ɗakin gwaji kafin mai saye ya karɓa, kuma wannan ne ya sa manyan kamfanoni masu jarin waje suka mamaye harkar a Lesoto, ƙaramin manomi yana kallo. A Amurka ma, jihohi irin su Kolorado suna karɓar haraji, amma da yake dokar tarayya ba ta halatta ba, bankuna da yawa suna gudun kuɗin masu shagunan.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Alhaji, ni abin da ya fi damuna shi ne sa ido. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi, alhali haramtacciya ce kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana kame. Mun ga yadda kodin, wanda magani ne mai rajista, ya fice daga kantin magani ya shiga gidajen aure har aka hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wa zai tabbatar mana cewa ganyen da aka noma don magani ba zai ƙare a tasha ba? Tailan ta sassauta dokarta a 2022, shaguna suka cika ko'ina, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Matashin da ya fara sha da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin taɓin hankali, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a yankinmu ƙalilan ne.

Malam Usman, Gombe:
Na gode muku. Malama, da ma ki ƙara mini bayani kan alamomin farko da malami zai iya ganewa a aji, domin akwai yaro guda da nake son in zauna da mahaifinsa a makon nan.