Idan sankarar fata ta basal ta ci wuri

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan cuta, wato wani nau'in sankarar fata mai girma a hankali, abin da kowa ya fara nanatawa shi ne kada jinkirinta ya ruɗi mutum. Ba kasafai take bazuwa cikin jiki ba, amma a inda ta zauna, galibi fuska, hanci ko gefen ido, tana iya cin nama har ƙashi. A wajenmu zabiya ne suka fi shiga haɗari, saboda rana.

Shawara ta farko ita ce tiyata, muddin za ta yiwu. An yaba da salon Mohs, inda likita ke yankewa kaɗan-kaɗan yana dubawa da madubin likita har gefen ciwon ya fita tas. Wanda tiyata ba ta dace da shi ba, sai gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura (radiotherapy).

A tattaunawar an fi daɗewa kan ƙwayoyin sha, waɗanda ake bayarwa idan tiyata da gashi ba su wadatar ba. Amurka ta amince da vismodegib a 2012, sonidegib kuma a 2015. Suna rage ƙarin sosai, sai dai da wahala: murɗewar tsoka, zubewar gashin kai, abinci ya rasa ɗanɗano, ga rama. Maimakon mutum ya daina sha da kansa, ya gaya wa likita, domin akan ba da hutu. Mai ciki kuwa ko kusa kada ta sha, suna nakasa jariri. Wannan gargaɗin a ganina ya fi kowanne nauyi.

In sun gaza, akwai cemiplimab, ƙarin ruwa mai zaburar da garkuwar jiki, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2021. Tsadarsa ba ta talaka ba ce.