Tsohon littafin D&D na 1979, zai yi mana kuwa?

Ɗan_Samaru:
Salam jama'a. Mu biyar ne muke haɗuwa duk daren Juma'a a ɗakina nan Samaru, da ludo da whot muke yi har suka ishe mu, to yanzu wata biyu kenan muna gwada Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke zama wani jarumi a cikin labari ana jefa dayis, kuma ni aka ɗora wa jan wasan, wato mai ba da labarin da juya dodanni. Wani yayana ya turo min littafin The Keep on the Borderlands wai da shi ake farawa, na buɗe na ga shafi 32 ne kacal, kuma ni ban ga labari a ciki ba, daga kogo sai dodanni sai lissafin kuɗi. Don Allah wanda ya taɓa jansa ya faɗa min, in kashe kuɗin firintin ko in nemi na zamani?

Baban_Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka firinta, abin da kake kuka da shi ai shi ne daɗinsa. Gary Gygax ne ya rubuta shi, kamfanin TSR ya fitar a Amurka a 1979 da lamba B2, kuma shekaru ana saka shi cikin kwalin Basic Set na masu fara koyon wasan, shi ya sa dattawan wasan da yawa da shi suka buɗe ido. An yi shi ne don sababbin jarumai, masu matakin ƙarfi 1 zuwa 3.

Ka lura mutanen cikin sansanin, wato Keep ɗin da jarumai ke sauka kafin su tafi kogunan, ba wanda aka raɗa wa suna, daga mai sansani sai maƙeri sai mai masauki, kai za ka cike. Ni da na ja wa yarana da abokansu a Tudun Wada sai na mayar da wurin gari mai ganuwa irin namu, na sa wa ƙofar suna, mai gadin ya zama wani tsoho mai cin goro da ba ya buɗewa bayan magariba ko sarki ne, wallahi har yau shi suke tunawa ba dodannin ba. Sannan bakin kogo 11 ne a kwari ɗaya, A zuwa K, kuma mazaunansu ba sa ga maciji da juna, dodannin da ake kira orc ma gida biyu ne. Mai wayo sai ya haɗa su faɗa ya koma gefe. Ƙananan dodannin goblin kuwa in suka ji wuya jakar zinare 250 suke jefa wa wani ƙaton dodo, ogre, maƙwabcinsu ya zo ya taya su, to me zai hana 'yan wasanka su riga su biyansa? Labarin kenan, a bakin tabarma yake fitowa.

Zee_Kongo:
Baban Hanifa ka faɗi zaƙin ka bar ɗacin. Ni na buga shi, jarumina matsafi bai kai minti ashirin ba wasu 'yan dodanni, kobold, suka gama da shi, tsafi ɗaya tal gare shi kuma makin ransa bai wuce 4 ba a tsohuwar doka, haka na zauna ina kallon mutane har aka tashi. Littafin ma cewa ya yi mutum 6 zuwa 9, su kuma huɗu ne in ka cire mai ja. Wani abin kuma, a cikin kogunan akwai mata da ƙananan yaran dodannin, mu sai da muka tsaya musu sosai kan abin da za a yi da su, daɗin daren ya tafi. Kuma fisabilillahi ina duk waɗannan halittu suke samun abinci a kwari ɗaya kamar gidan haya?

Baban_Hanifa:
Hajiya Zee gaskiyarki kan yaran, ni cire su na yi gaba ɗaya. Mutuwar kuwa, a tsohon tsari kowane zinare da ka fito da shi maki ɗaya ne na ƙarin mataki, wato dukiya ta fi kisa kawo ci gaba, don haka wanda ya shiga da ƙirji shi ke kwana a ciki. Kowane ɗan wasa ya riƙe jarumi biyu, ko su ɗauki 'yan rakiya a sansanin.

Sadiq_PZ:
Kar dai ka manta da jita-jita 20 ɗin nan da littafin ya tanada a faɗa wa 'yan wasa, wasu ƙarya ne. Mu aka ce mana in goblin suka yi ihun bree-yark sun miƙa wuya ne, muka saki jiki ashe 'yan uwansu suke kira, hahaha. Kuma wannan limamin mai fara'a na cikin sansani, ba zan ce komai ba, kai dai ka karanta shafinsa da kyau. Dayis fa, ɗan ludo mai fuska 6 ba zai wadatar ba, akwai mai 20 da mai 8 da mai 4, ka sauke manhajar jefawa a waya.

Ɗan_Samaru:
Na gode ƙwarai. Gobe zan firinta, taswirar kuma zan kwafe ta a takardar giraf. Baba ka ara min tsohon mai goron nan. Zee in kina da lokaci ranar Juma'a muna neman na shida, wannan karon mayaƙi za mu ba ki.