Gadar Gaya ce ta kashe kasuwar Maradi, ko faɗuwar naira?

Alhaji Mamman mai shinkafa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ji ana ta yaɗa cewa arzikin Nijar ya ƙaru da sama da kashi 8 cikin ɗari a 2024 saboda man Agadem. Ni dai tun hantsi na buɗe shago a babbar kasuwa, har aka kira la'asar buhu biyu na sayar, ɗayan ma bashi ne. Maganata guda ce: wannan kwantan cinikin yanzu ba takunkumi ba ne. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage wanda ta saka mana bayan juyin mulki tun 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, mu ne muka bar gadar Gaya, ta kan iyakarmu da Benin, a toshe. Kayan da ke sauka Kotonu su iso Maradi cikin 'yan kwanaki, yanzu sai Lome, sai Burkina, sai a jira rakiyar soja. Wa ke biyan kuɗin kwanan motar a hanya? Mai sayen tiya guda.

Mushe Haruna: Wa alaikumus salam Alhaji. Ban ce kasuwa ba ta kwanta ba, amma kun ɗora wa gada abin da ba nata ba. Tun yaushe Maradi ta dogara da Kotonu don kanta? Yawancin kayan da alhazanmu ke saukowa da su wucewa suke yi Najeriya ta Ɗan Issa da Jibiya. Abokin cinikinku na gaskiya Bakatsine ne da Bakano. Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, ya saki naira a Yuni, duka kafin juyin mulkin 26 ga Yuli. Da naira ta zube har jikka guda, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, wa zai ƙetaro ya sayi kayanku? Ko yau aka buɗe gadar, aljihun Bakatsine ba zai cika ba.

Alhaji Mamman mai shinkafa: Mushe, kai alli kake riƙewa, ni ma'auni. Faɗuwar naira ta kore mana baƙi, na yarda. To shinkafar da 'yan gari ke ci fa, ita ma naira ce ta tsadanta ta?

Hajiya Rabi: Ku bar ni in sa baki, don tukunya a hannunmu take. Ni ban san Lome ba, ban san Kotonu ba. Abin da na sani, kuɗin cefanen da Malam ke ba ni bai canza ba, amma ledar da nake dawowa da ita daga kasuwar Kadro kullum ƙara ramewa take. Da fari na daina sayen nama sai ranar Juma'a, sannan na koma ƙirga magi. Ɗiyata ƙarama ta tambaye ni wai me ya sa miyarmu ta koma ruwa. Duk wanda ke sama, soja ko farar hula, wannan tambayar ce zai amsa.

Laminu ɗan kabu-kabu: Hajiya Allah ya rufa asiri. Amma don Allah a riƙa faɗin alheri ma. A Yulin 2024 an rage kuɗin litar mai ta koma dala ɗari ba tamma guda, wato sefa 499. An rage kuɗin ganin likita da rabi. An rage siminti. Wace gwamnatin farar hula ta taɓa rage mana wani abu? Su sai ƙari.

Sani Tela: Laminu, kai ne ban gani ba a layin mai a Maris 2025, kana tura babur tun daga unguwar Zariya? Mai na dala ɗari da babu shi a famfo me ya amfana maka?

Laminu ɗan kabu-kabu: Na tura, ban musa ba. Kwana biyu ban yi aiki ba.

Mushe Haruna: Wannan layin ma hujjata ce. Matatar Zinder ganga dubu 20 take tacewa a rana, a lokacin ba ta iya ɗaukar ƙasar nan ita kaɗai ba. Man 'yan bumburutu daga Najeriya ne ya daɗe yana toshe giɓin, musamman a nan Maradi. Da aka cire tallafi can, namu ya zamo mai araha, jarka ta daina shigowa, kowa ya koma gidan mai. Ba Janar Tiani, shugaban mulkin sojanmu, ne ya cire tallafin Najeriya ba.

Sani Tela: To ai shugaba shi ke hangen nesa, Mushe. Wanda ya san maƙwabci ya ƙara kuɗin mai, shi kuma ya rage nasa, ya san inda man zai bi. Ba sai an yi boko mai zurfi ba.

Malam Idi dillali: Ni a kara nake, bari in faɗi tawa. Gab da layyar 2025 aka hana fitar da dabbobi waje, wai don rago ya yi sauƙi ga talaka. Niyya mai kyau ce. Amma makiyayin Dakoro da ya yi shekara yana zuba wa rago dusa da harawa, Najeriya yake nufi da shi. Na ga wani dattijo ya tsaya da raguna huɗu tun safe, duk tayin da aka yi masa bai kai kuɗin abincinsu ba, da yamma ya kora abinsa ya tafi ko ruwa bai saya ba. Haka aka yi wa hatsi a Oktoban 2024, aka hana fita da shi sai zuwa Mali da Burkina. Ɗan birni ya ji daɗi, manomin wake na Mayahi da Tasawa ya ji a jikinsa. In manomi da makiyayi ba su da kuɗi, wa zai ɗinka kaya wurin Sani, wa zai sayi shinkafar Alhaji?

Hajiya Rabi: Malam Idi, gaskiya gero kam ya sauko bayan hanin nan, kada mu ɓoye. Ni na ga sauƙinsa.

Malam Idi dillali: Ya sauko Hajiya, kuma damina ta yi kyau a wurare da dama. Sai dai sauƙin naki daga aljihun wani aka ciro shi.

Baba Ɗan Tibiri: Yara, ku yi a hankali. Ni na ga Janairun 1994 da aka karya sefa gida biyu dare ɗaya, ranar akwai alhazan da suka kwana da arziki suka tashi da bashi. Na ga Buhari ya rufe iyaka a Agustan 2019 har sama da shekara, garin nan ya yi tsit. Lokacin ai zaɓaɓɓu ne a Yamai, me suka iya yi? Mu garin bakin iyaka ne, kowa ya rufe ƙofarsa mu ke fara jin sanyi.

Alhaji Mamman mai shinkafa: Baba, da girmanka, akwai bambanci. A 2019 wani ne ya rufe mana, muka yi ta zaginsa a shago da majalisa ba mai cewa komai. Yanzu makullin a hannun namu yake. Kuma manmu na bi ta bututu kusan kilomita dubu biyu daga Agadem, ya ratsa ƙasar Benin ɗin nan har tashar Seme ya hau jirgin ruwa. Mai ya wuce, shinkafa ba ta wucewa?

Laminu ɗan kabu-kabu: Sun ce maganar tsaro ce Alhaji, akwai masu shirya mana sharri ta can. In aka buɗe wani abu ya faru, ku ne za ku fara cewa an yi sakaci.

Sani Tela: 'Yan bindigan da ke ɗaukar mutane a Madarunfa da Gidan Runji ta gadar Gaya suke shigowa?

Baba Ɗan Tibiri: Sani, ka san waya ba majalisa ba ce, abin da ka rubuta yana nan. Ka sassauta.

Sani Tela: To Baba, na ji.

Mushe Haruna: Alhaji, ga tayi. In an buɗe gadar, wata uku bayan nan mu dawo mu duba littafin shagonku. In ciniki ya dawo alhali naira na nan inda take, ni zan sayi buhu guda kuɗi hannu.

Alhaji Mamman mai shinkafa: Ka fara biyan rabin buhun watan jiya tukuna, Mushe.

Mushe Haruna: Sai albashi ya sauka, Alhaji.