Wane gilashin leƙe zan saya don in ga tauraron Mushtari (Jupiter) da kyau?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya kawo mini madubin hangen taurari tsaraba, faɗin bakinsa 114mm, tsawon haskensa 900mm. Ya zo da gilashin leƙe biyu, 20mm da 4mm, da wani bututu mai ninka girman hoto sau uku da aka rubuta wa Barlow 3x. Da na 20mm ina ganin Mushtari ɗan ƙwallo fari, watanninsa huɗu a jere kamar an zuba tsakuwa. In na sa na 4mm sai ya koma kamar fitila cikin hazo, kafin in gyara zama ma ya fice. Ga shi a kwali an rubuta 675x! Aljihun ba nauyi, me zan saya?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan 675x ɗin talla ce kawai. Raba 900 da lambar gilashin, shi ne girman da zai ba ka. Na 20mm 45x, na 4mm 225x. Madubi irin naka iyakarsa kamar ninki biyu na faɗin bakinsa, wato wajen 230x, shi ma sai a daren da iska ta kwanta. Nemi 9mm ko 6mm, ka samu 100x ko 150x. A nan layuka biyu masu duhu na jikin Mushtari za su fito. Amma kafin ka biya, auna bakin da gilashin ke shiga. In inci 0.965 ne ba 1.25 ba, yawancin na kasuwa ba za su shiga ba.

Mai Tabarau:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai kada ka sayi 6mm na samfurin gilashin da ake kira Plössl. Na saya saboda araha, na yi da-na-sani. Dole ka manna ido har gashin ido na shafar gilashin, ni kuma da tabarau ko kusa ban iya ba. Daga baya na ɗauko 6mm mai zoben zinare ɗin nan, mai faɗin filin gani 66°, irin wanda kamfanin Svbony ke sayarwa. Filinsa ya fi faɗi, tauraron na daɗewa kafin ya fice. Aibinsa ɗaya, in ido ya ɗan karkace sai baƙar inuwa ta rufe gefe. Ana sabawa.

Na Gangare:
Ni ba gilashi ne ya ɓata mini rai ba, rufin kwano ne. Na shafe watanni ina hange ta saman gidan maƙwabci, hoto na rawa kamar ruwan tafasa, ashe zafin rana ne kwanon ke saki. Fitar da madubin waje kamar rabin awa ya huce, ka jira tauraron ya hau sama sosai. Lokacin hunturu kuma in ƙura ta yi yawa, ka haƙura. Tauraron Zuhal (Saturn) ma kada ka zargi gilashinka in zobensa ya yi siriri, a Maris 2025 ne ya juyo mana da gefensa, a hankali yake buɗewa.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na auna, 1.25 ne. Zan fara da 9mm, Barlow ɗin kuwa na mayar da shi kwali.