Ya haɗiye mutum uku, aka ba shi masauki: muhawarar gidanmu kan Spirited Away

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Auta, fim ɗin nan da ka dame mu a kansa, Spirited Away, mun kalla jiya da daddare ni da yara. Zane kam ba a magana. Amma ina da ƙorafi. Tun daga farko fim ɗin ya ɗauko zancen kwaɗayi, har aka tashi ban ga mai kwaɗayi ko ɗaya da ya ɗanɗana kuɗarsa ba. Wannan baƙin abu mai farar fuska ya shiga gidan mutane ya watsa zinariya, ya cinye musu abinci, ya haɗiye ma'aikata uku. Ƙarshenta yarinya ta tafi da shi a jirgin ƙasa gidan wata tsohuwa, aka ba shi shayi, aka ce ya zauna. Ƙaramin ɗana ya juyo ya ce, "Baba, ba za a dake shi ba?" Na rasa amsa. A ganina tatsuniyar da ba ta hukunta mai kwaɗayi ba, ba ta gama aikinta ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni ban gani ba. A ba ni labarin a taƙaice kafin in sa baki.

Auta: To Kawu. Fim ne na ƙasar Japan, Hayao Miyazaki ya yi shi a kamfanin Studio Ghibli, ya fito a watan Yuli na 2001. Chihiro yarinya ce 'yar shekara 10, suna hanyar ƙaura zuwa sabon gari ita da iyayenta. Uban ya ɓata hanya, suka ratsa wani dogon zaure mai duhu, suka ɓulla wani wuri mai rumfunan abinci a jere, babu mai sayarwa. Iyayen suka zauna suka hau ci, uban yana cewa ai yana da kuɗi da katin banki, za su biya daga baya. Ita ta ƙi taɓawa. Magariba na yi suka rikiɗe suka zama aladu. Ashe garin iskoki ne, kuma akwai wani katafaren gidan wanka na wata matsafiya, Yubaba. Dole Chihiro ta nemi aiki a can don ta ceci iyayenta. Yubaba ta ƙwace mata suna ta bar ta da Sen. Wani yaro, Haku, shi ne ya tsaya mata. Wanda Yaya yake magana a kansa sunansa Kaonashi, wato Marar Fuska. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 2002, ya ci Oscar a 2003.

Yaya Babba: Kyauta ba hujja ba ce, Auta. Su can sun duba abin da suka duba, ni tambayar ɗana nake dubawa.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, ka faro labarin daga tsakiya. Sau uku na kalla da 'yan biyu, bari in tuna maka farkonsa. Marar Fuska yana tsaye a waje cikin ruwan sama, ba mai kula shi, Chihiro ta bar masa ƙofa a buɗe don tausayi. Ko magana ba ya iya yi a lokacin. Kyautarsa ta farko ba zinariya ba ce, ɗan katakon nan ne da ake aikawa a sako ruwan magani, wanda shugaban ma'aikata ya hana ta. Da ya ga ta ji daɗi sai ya kwaso mata tuli, ta ce ɗaya ya ishe ta. To a ina ya koyi zinariya? A ranar da baƙon nan mai wari ya zo, wanda kowa ya gudu ya bar wa yarinyar wankansa, aka zaro masa keke da tarkacen bola daga jiki, ashe iskan wani kogi ne da mutane suka cika da shara. Da zai tafi ya bar ƙwayoyin zinariya a ƙasa, ma'aikata suka yi ta wawaso suna ture juna. Marar Fuska yana gefe yana kallo. Nan ya gane abin da ake so a gidan. Kuma ka lura, wanda ya fara haɗiyewa wani kwaɗo ne, ma'aikacin gidan, da ya lallaɓo cikin dare yana tonon tsagar katako ko zai sami ragowar zinariya. Daga nan ne ya sami murya, kuma muryar kwaɗon ce. Duk ihun "a kawo abinci" da ka ji, da bakin ɗan gidan aka yi shi. Kwaɗayin na gidan ne, shi aro ya yi.

Yaya Babba: Wannan ai ita ce hujjar kowane yaron da aka kama da sata: abokai ne suka ɓata ni. Ko da muryar wa ya yi magana, cikinsa mutanen suka shiga.

Kawu: Tambaya biyu. Mutanen da ya haɗiye, sun mutu? Zinariyar da ya raba, ta wa ce?

Auta: Duka ukun ya amayar da su da ransu, Kawu. Zinariyar kuwa ta ƙarya ce, daga tafin hannunsa take ɓuɓɓugowa, daga baya ta koma ƙasa.

Kawu: To a yadda muka koya, tuba tana da sharuɗɗa: mutum ya daina, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba, in akwai haƙƙin wani ya mayar. In ya mayar da mutanen, ya bar gidan, ya koma cin guminsa, ban ga dalilin da za a ce sai an ɗora masa bulala ba.

Yaya Babba: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, amma ba don ransa ya so ya mayar ba. Magani yarinyar ta jefa masa a baki, ya kama amai, kuma a fusace ya bi ta da gudu daga bene zuwa bene yana neman kama ta. Wanda aka matse wa wuya ya tofar da abin da ya sata, ba a ce ya tuba.

Maman 'Yan Biyu: Gaskiya ne, ya bi ta a fusace. Amma maganin nan fa, Yaya, ka tuna daga ina ya fito? Ɗan curin ganye ne mai ɗaci da iskan kogin ya ba ta ladan wanka, ta adana shi don iyayenta, tana fatan in sun ci za su koma mutane. Shi kaɗai ne abin da ta mallaka a duk garin. Ta gutsura ta ba Haku lokacin da yake zubar da jini, ragowar ta ba Marar Fuska. Ni nan ne idona ya kawo ruwa. Kafin nan ya cika hannu biyu da zinariya ya miƙa mata, ta ce ba ta so, tana sauri, domin Haku na can zai mutu. Duk gidan an jeru ana yi masa waƙa da fadanci ana miƙo akushi, ita kaɗai ce ta zauna gabansa ta tambaye shi ina gidansu, ba shi da uwa da uba ne. Ya ce kaɗaici ke damunsa. Mutumin da ya saba sayen kowa, a ce ga mutum ɗaya da yake so kuma ba ta sayuwa, wane duka ne zai kai wannan zafi? Kuma ita da bakinta ta gaya wa Lin, abokiyar aikinta a gidan, cewa zaman gidan wankan ne yake haukata shi, a fitar da shi.

Ɗan Goggo: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren sana'ata. Yaya yana neman hukunci a cikin labari, ni kuma a cikin zanen na gan shi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zanen Japan sukan zana 12 ko 8 a maimaita su. Mutanen wannan fim da fensir aka zana su a takarda, sannan aka shigar kwamfuta aka sa launi. Ma'ana duk kumburin da jikin Marar Fuska ya yi, wani ne ya zauna ya yanke shawarar yadda tumbin zai rinjayi ƙafafu, yadda bakin zai tsage a ƙasan farar fuskar da haƙora da yawu. Da farko siriri ne, kana hango bango ta cikin jikinsa. Da ya ci ya ci sai ya zama ƙaton abu mai rarrafe kamar gizo-gizo, yana jan ciki. Sai aman, baƙi kamar kwalta, yana bin matakala yana raguwa. A cikin jirgin ƙasa kuma ya koma siririnsa, ya zauna a gefenta shiru, ruwa ya shafe ƙasa ko'ina, minti da minti ba mai cewa uffan sai kiɗan Joe Hisaishi. Yaro ko bai fahimci magana ɗaya ba ya ga abin da ci ya mayar da shi, ya ga kuma yadda ya huta da ya sauke. Haka cin abincin iyayen: maiƙo na bin haɓa, kafaɗa na faɗi a hankali, tun kafin su juyo ka san ba mutane ba ne.

Yaya Babba: Na yarda zanen ya nuna muni. Amma mu da muka tashi da tatsuniya mun san yadda ake rufe ta. Kura ta yi kwaɗayi, kura ta sha kashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a gaban yaro ake nuna wahalar.

Kawu: A nan kam zan ja da kai. Shekara nawa ina koyar da Hausa a firamare, tatsuniyoyin nan na san su. Kura tana shan kashi, gaskiya. Gizo fa? Ka tuna Gizo da hankaki. Sun ara masa gashinsu suka kai shi ɓaure a tsakiyar ruwa, duk ɗan da suka nufa ya ce shi ya riga gani. Suka ƙwace gashinsu suka bar shi, ya faɗa ruwa wurin kada, ya yi ƙaryar dangantaka, aka sauke shi, ya cinye ƙwan masu masaukinsa, kuma ya tsere. A yadda kakarku take ba mu, Gizo ya koma gida wurin Ƙoƙi lafiya lau. Ba mu tashi muna sha'awar halin Gizo ba don ya tsira. Mun tashi mun san hankaki ba za su sake ara masa gashi ba. Sannan wankan baƙon nan mai wari da aka ba ni labari, ai 'yar bora ce da tsohuwar bakin rafi da ta ce a cuɗa mata baya. Wadda ta cuɗa ba ƙyama ta samu, 'yar mowa da ta je don abin da za ta samu ta kwaso wahala. Su ma'aikatan da suka yi wawaso suka wayi gari da ƙasa a hannu, su ne 'yan mowa.

Yaya Babba: To na sassauta kan Marar Fuska, ban janye duka ba. Amma iyayen fa? Su ne suka fara. An mayar da su mutane, suka fito ba su tuna komai ba, uban yana mitar ƙura da ganye a kan mota. Yarinya ta sha wuya saboda cikinsu, ko sannu ba su ce mata ba. Yubaba kuma tana nan da gidanta da dukiyarta.

Auta: Yaya, akwai abin da uban ya faɗa da suka shiga wurin, cewa irin wuraren shaƙatawan nan ne da aka yi ta ginawa a farkon shekarun 1990, tattalin arziki ya karye aka watsar. Wannan ya faru da gaske a Japan: farashin filaye da hannun jari ya yi ta hawa a ƙarshen shekarun 1980, sannan ya rushe. Iyayen mutanen wancan zamani ne, masu ganin in dai akwai kati a aljihu komai halal ne a taɓa. Ina ganin da gangan aka bar su ba su koyi komai ba. Miyazaki don yara mata 'yan shekara 10 ya yi fim ɗin, 'ya'yan abokansa, kuma yaro ba shi da ikon gyara iyayensa. Shi ma Haku kogi ne, Kohaku, da aka cike aka gina gidaje a kansa, shi ya sa ya rasa hanyar gida. Waɗanda suka cike shi ba su ma fito a fim ɗin ba, balle a hukunta su.

Maman 'Yan Biyu: Yubaba kuwa an taɓa ta inda ya fi ciwo. Haku ya ce mata an musanya mata abu mafi daraja ba ta lura ba. Me ta fara dubawa? Zinariyar da ke gabanta. Sai daga baya ta waiwayi jaririnta, ta ga ashe ba shi ba ne, nata yana can an mayar da shi ɓera ya bi Chihiro. Ni uwa ce, na san abin da wannan yake nufi. Kuma da ɗan ya dawo, shi ne ya tsaya a gabanta ya ce kada ta sa Sen kuka.

Kawu: Abu guda zan ƙara. Tunda garin iskoki ne irin na al'adar mutanen Japan, duk wanda zai kunna wa yara ya zauna tare da su, ya bambance musu tatsuniya da aƙida, kamar yadda ake yi mana da Dodo.

Yaya Babba: Wannan na yi shi tun jiya, Kawu. Maganar Yubaba na karɓa, ban lura da ta fara duba zinariya ba, zan koma in gani. Amma ta iyayen tana nan a raina. Ni uba ne, kuma da ni aka zana a wurin, zan so a bar ni da tunanin abin da na yi, in nemi gafarar 'yata. Hana su tunawa ya sauƙaƙa musu, ya bar yarinya da kayan ita kaɗai.

Maman 'Yan Biyu: Ba ita kaɗai ba, Yaya. Madaurin gashin da aka saƙa mata a gidan Zeniba, 'yar'uwar Yubaba, tsohuwar nan da ta ba Marar Fuska masauki, yana kanta har ta fito, an nuna yana ƙyalli. Da zaren da abokanta suka kaɗa aka yi shi, har da Marar Fuska a masu aikin.

Yaya Babba: Na ga ƙyallin, ban san da hannunsa a ciki ba. Ranar Asabar ki kawo 'yan biyu gidana mu sake kallo gaba ɗaya. Kawu, za a zo a ɗauke ka bayan la'asar. Zan sa ɗan nawa ya maimaita tambayarsa a gabanka.