Wa aka taɓa ce wa sukarin jaririnsa ya hau?

Maman bakwaini: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haihu a wata bakwai, yaron kilo 1.2, yana kwalba kwana huɗu ke nan. Jiya likita ta ce sukarinsa ya haura 200, ni kuwa ba ni da ciwon sukari. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta faɗa mini yadda ta ƙare, ko barci ba na yi.

Maman 'yan biyu: Allah ya ba shi lafiya. Hassanata haka ta yi. Ashe ruwan da ake ƙara mata akwai gulukos, wato wani nau'in sukari, a ciki, jikin bakwaini kuma bai iya sarrafa shi ba tukuna. Suka rage gudun ruwan, suka ce in dage da tatsar nono ana ba ta ta robar hanci. Kwana uku ya sauka.

Anti nas: Na daɗe a ɗakin jarirai, kuma a waɗanda ba su kai kilo 1.5 ba mun fi ganin haka. Idan ya wuce 180 muke tashi tsaye, domin sukarin yana fita ta fitsari ya ja ruwan jiki, sai yaro ya bushe, nauyinsa ya ragu. Ana kuma danganta shi da zubar jini a ƙwaƙwalwa da matsalar ido ta bakwaini. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, wani lokaci hawan sukarin ne alamar farko ta ƙwayar cuta a jini. Ki tambaya ko sun yi wannan gwajin. Insulin, maganin da ke saukar da sukari, sai rage gudun ruwan da ake ƙara wa yaro ya gaza muke sawa, da kaffa-kaffa, don kada sukarin ya faɗi ƙasa.

Baban yarinya: Namu daban ne. Watanninta sun cika, amma ta zo ƙarama. Tana shan nono sosai, ba ta ƙiba, kunzugu kullum sharkaf, maɗiga ta faɗa. Muka ɓata sati biyu muna jiƙe-jiƙe, har yau abin yana cin raina. A asibiti aka ce ciwon sukarin jarirai ne, mai bayyana kafin wata shida. Ta yi wata huɗu a kan insulin aka daina, amma sun ce yana iya dawowa idan ta balaga.

Maman bakwaini: Na gode ƙwarai. Anti, na tambaya da safe, sun ɗebi jinin tun jiya. Yanzu zan je in tatsa.