Nawa ƙwararren likitan zuciya yake samu?

Mahaifin Ɗaliba:
Assalamu alaikum. 'Yata tana shekarar ƙarshe a karatun likitanci, kuma ta ce tana so ta ƙware a kan cututtukan zuciya. Na ji cewa bayan shekara 6 a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da ta bautar ƙasa, sai ta ƙara wasu shekaru 5 zuwa 6 kafin ta zama ƙwararriya. Ina roƙon masana su faɗa mini ko abin da likitan zuciya yake samu ya kai wannan doguwar wahala.

Likita daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya yi mata albarka. A asibitocin gwamnatin tarayya ana biyan likitoci ne bisa tsarin CONMESS, wanda yake duba matakin da likita ya kai da daɗewarsa a aiki, ba fannin da ya zaɓa ba, saboda haka likitan zuciya da likitan yara da suka kammala ƙwarewa lokaci guda albashinsu kusan ɗaya ne. Inda bambancin yake fitowa shi ne aikin waje, wato duba marasa lafiya da yamma a asibitoci masu zaman kansu da kuma ɗaukar hoton zuciya da na'ura, wanda kowane gwaji da kuɗinsa. Masu hawan jini suna da yawa, likitocin zuciya kuwa kaɗan ne, shi ya sa aikin ba ya yankewa. Sai dai tun da darajar naira ta faɗi a 2023 albashin gwamnati ya rage auki, abin da ya ƙara tura abokan aikinmu Saudiyya da Ingila.

Mazaunin Amurka:
Ranka ya daɗe, a nan lamarin daban yake, domin kuɗin yana bin yawan aikin da likita ya yi da irinsa. Matsakaicin abin da likitan zuciya yake samu ya haura dala 400,000 a shekara, kuma waɗanda suke zura siririn bututu su buɗe jijiyar zuciya da ta toshe sukan fi haka. Amma kafin nan sai ta ci jarrabawar USMLE, wato ta neman lasisin aikin likita a Amurka, ta yi shekara 3 a fannin cututtukan manya, sannan wasu 3 a fannin zuciya, kuma a duk tsawon wannan lokaci albashin mai koyon aiki za ta riƙa karɓa. Haraji ma yana cin babban kaso.

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila:
Baba, kada lissafin Amurka ya sa a ɗauka ko'ina haka yake. Hukumar lafiya ta NHS ma bisa mataki take biya, kamar gida. A 2024 ƙwararren likita a Ingila yana farawa da kusan fam 105,000 a shekara, ya kai kusan 140,000 bayan ya daɗe a aiki, ko na zuciya ne ko na fata. Kuma ta sani cewa likitan zuciya daban, mai tiyatar zuciya daban, domin shi na biyun ta fannin tiyata yake bi tun daga farkon horonsa.